Wa Ya Zaɓa Maka Manhajojin Da Ke Cikin Wayarka?

Duk wanda ya sayi sabuwar wayar zamani ya fito da ita daga kwali, zai tarar an riga an yanke masa shawarwari da yawa tun kafin ya sa mata layi. Idan wani ya turo masa adireshin shafin intanet ya taɓa, akwai burauzar da za ta buɗe da kanta, Chrome a yawancin wayoyin Android, Safari a iPhone. Idan ya rubuta tambaya a akwatin bincike, Google ne zai amsa. Haka taswira, haka manhajar saƙonni, haka shagon da zai riƙa sauke sababbin manhajoji daga ciki. Waɗannan su ne manhajojin asali, wato waɗanda waya ke miƙa wa aiki kai tsaye muddin mai ita bai shiga saiti ya sauya ba. Abin da nake son nunawa shi ne, a wannan ɗan wuri da mafi yawan masu waya ba su ma san da zamansa ba ake raba gardamar gasa tsakanin manyan kamfanonin fasaha na duniya, kuma bai dace a bar shi ya zama hajar da wanda ya fi kowa kuɗi zai saye ya ja ƙofa ya kulle ba.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga kotu. A watan Oktoba na 2020 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta maka kamfanin Google a gaban wata kotun tarayya da ke birnin Washington, tana zarginsa da yin babakere a harkar bincike a intanet. Da aka fara sauraron shari'ar a watan Satumba na 2023, sai alƙaluman da aka daɗe ana ɓoyewa suka bayyana. A shekarar 2021 kaɗai Google ya biya dala biliyan 26.3 ga masu ƙera wayoyi da kamfanonin sadarwa da masu burauza, don injin bincikensa ya kasance shi ne na asali a kayansu. Kaso mafi tsoka na Apple ne, wanda ya karɓi dala biliyan 20 a 2022, kuma wani shaida ya faɗa a bainar kotu cewa Apple na karɓar kashi 36 cikin 100 na kuɗin tallan da Google ke samu daga binciken da aka yi ta Safari. A ranar 5 ga Agusta, 2024, Mai Shari'a Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere, kuma ya saɓa wa dokar hana babakere ta Sherman ta 1890 wajen kare wannan matsayi. A lissafin da kotun ta amince da shi, kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a Amurka yana bi ta Google ne, a kan wayoyi kuwa ya kusa kashi 95.

Google bai zo kotu hannu rabbana ba, kuma amsarsa ba abin rainawa ba ce. Ya ce mutane suna amfani da injinsa ne don ya fi na kowa kyau, kuma duk wanda bai so ba yana iya sauyawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Ya kawo misalin kwamfutoci masu Windows, inda Bing na Microsoft ne na asali, amma mutane suna tsallake shi su nufi Google. Lauyan kamfanin ma ya taɓa shaida wa wata kotun Turai a 2021 cewa kalmar da aka fi nema a Bing ita ce sunan Google. Shi kansa alƙali Mehta ya yarda cewa injin Google ya fi sauran inganci. To amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Idan da gaske mutane za su zo da ƙafarsu ko da an ɓoye shi, me zai sa kamfanin da ya iya lissafi irin Google ya riƙa fitar da sama da dala biliyan 26 a shekara don sayen abin da zai samu kyauta? Amsar tana cikin takardunsa na cikin gida da aka gabatar a kotu: a 2020 ya ƙiyasta cewa idan Apple ya cire shi daga matsayin asali, zai rasa kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na binciken da ake yi daga wayoyin Apple. Hukumar Tarayyar Turai ta samu makamanciyar shaida ta wata fuskar. A 2016, a wayoyin Android da suka zo da Google a ciki, sama da kashi 95 cikin 100 na bincike ta Google aka yi, amma a wayoyin Windows da suka zo da Bing, kason Google bai kai kashi 25 ba. Injin bai sauya ba, mutanen ma duk 'yan Turai ne. Abin da ya bambanta kawai shi ne wanda aka tarar a cikin wayar.

Me ya sa mutane ba sa sauyawa? Hausawa kan ce sabo turken wawa, amma a nan ba wauta ba ce, kuma ba lalaci ba ne. Mutum yana da abubuwan da suka fi damunsa fiye da tono cikin saiti, kuma da yawa ba su san ana iya sauyawar ba. Wasu kuma suna ɗauka cewa abin da mai ƙera waya ya sa shi ne ya fi dacewa da ita, don haka suna tsoron kada su taɓa su lalata wani abu. Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa wannan ɗabi'a tana aiki har a al'amuran da suka fi waya nauyi nesa ba kusa ba. A wani bincike da Eric Johnson da Daniel Goldstein suka wallafa a mujallar Science a 2003, sun nuna cewa a Jamus, inda sai mutum ya nemi a rubuta sunansa cikin masu ba da sassan jikinsu bayan mutuwa, kashi 12 cikin 100 ne suka shiga. A Ostiriya maƙwabciyarta kuwa, inda ake ɗaukar kowa ya amince sai in ya ce a cire shi, an haura kashi 99. Idan tsarin da aka tarar yana da wannan ƙarfi a kan abin da ya shafi jikin mutum, to a kan injin bincike fa? A waya ma lamarin ya fi tsanani fiye da kwamfuta, domin allon ƙarami ne, ana amfani da ita ne cikin sauri a kan hanya, kuma akwatin binciken yana zaune a fuskar wayar yana jiran yatsa.

Wani zai ce, to shi ke nan, mene ne abin damuwa tunda binciken kyauta ne kuma injin yana aiki? A nan ne ya kamata a dakata a duba yadda injin bincike ke samun ƙwarewa. Yana koyo ne daga masu amfani da shi: abin da suka tambaya, amsar da suka taɓa, wadda suka buɗe suka fito da sauri don ba ta gamsar da su ba, yadda suke kuskuren rubuta sunan gari ko na magani. Wanda ya samu tambayoyi da yawa yana ƙara gogewa, gogewar tana jawo masu talla, kuɗin tallan yana ba shi damar sake sayen matsayin asali a shekara mai zuwa, matsayin kuma yana kawo ƙarin tambayoyi. Wanda aka bari a waje kuwa ba ya samun isassun tambayoyin da zai koya daga gare su, sai a dawo a nuna shi a ce ai ga shi nan bai iya ba. Don haka batun cewa Google ya fi kowa kyau gaskiya ne, amma wani ɓangare na wannan fifiko ɗan matsayin da ya saya ne. Kamar rumfar da ke bakin ƙofar kasuwa ce: mai ita yana ciniki da yawa, cinikin yana sa kayansa kullum sababbi ne, da ribar kuma yake biyan sarkin kasuwa don kada a ba kowa wuri kusa da shi. Sridhar Ramaswamy, wanda ya taɓa shugabantar sashen talla na Google, ya kafa injin bincike mai suna Neeva da ba ya sa talla, ya tara kuɗi da ƙwararru, amma a 2023 ya rufe shi, kuma daga cikin abin da ya koka da shi akwai wahalar shawo kan mutane su bar abin da suka tarar. Akwai kuma asarar da ba a gani. Apple yana cikin kamfanoni ƙalilan a duniya da ke da ƙarfin gina injin bincike mai gogayya da Google, amma wanda ake biya dala biliyan 20 a shekara yana zaune, da wuya ya tashi ya shiga yaƙin da zai yanke masa wannan kuɗi. Kyautar ma ba kyauta ba ce ɗungurungum, domin kotun ta gano cewa Google yana iya ɗaga farashin tallan rubutu ba tare da fargabar masu talla za su gudu ba, kuma ɗan kasuwar da ya biya talla da tsada a kan mai saye zai fanshe.

A wayoyin Android hanyar ta ɗan bambanta. Google yana ba masu ƙera wayoyi tsarin Android ba tare da sun biya ba, amma wayar da babu shagon Play Store a cikinta ba ta da kasuwa a yawancin ƙasashe. Sai kamfanin ya gindaya sharaɗi: duk mai son Play Store, dole ya sa manhajar bincike ta Google da burauzar Chrome tare da shi. Ya kuma biya wasu manyan masu ƙera wayoyi da kamfanonin sadarwa don kada su sa injin kowa sai nasa. A kan waɗannan ne, tare da hana masu ƙera wayoyi sayar da wasu nau'o'in Android da ba shi ya amince da su ba, Hukumar Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro biliyan 4.34 a watan Yuli na 2018, wadda kotun Tarayyar ta rage kaɗan zuwa biliyan 4.125 a 2022. Hukumar kula da gasa ta Indiya ma ta ci shi tara a kan makamantan laifuffuka a watan Oktoba na 2022. Hujjar Google a nan ita ce ya kashe maƙudan kuɗi wajen gina Android, kuma da kuɗin bincike yake mayar da su, shi ya sa talaka ke samun waya mai araha. Wannan magana tana da nauyi, musamman a ƙasashen da Android mai sauƙin kuɗi ce ta kai miliyoyin mutane intanet a karon farko. Sai dai ba wanda ya ce kada Google ya ci riba daga guminsa. Yana samun kaso daga cinikin da ake yi a Play Store, yana samun kuɗin talla daga YouTube da taswira, kuma idan injinsa ya fi kyau kamar yadda yake faɗa, mafi yawan mutane za su zaɓe shi in an tambaye su. Abin da ake ƙi shi ne amfani da ƙarfin da yake da shi a wata kasuwa don toshe ƙofar wata.

Apple shi ma ba a barin sa a baya, domin tasa hanyar ta fi ta Google tsauri. Daga fitowar iPhone a 2007 har zuwa watan Satumba na 2020, mai wayar ba shi da ikon sauya burauzar asali ko manhajar imel ta asali kwata-kwata. Yana iya sauke burauzar Firefox, amma duk adireshin da ya taɓa Safari ce za ta buɗe. Har bayan da aka ba da damar, kowace burauza a iPhone dole ta yi aiki a kan injin Apple mai suna WebKit, ta yadda bambancinta da Safari bai wuce na fuska ba, sai a 2024 da doka ta tilasta sassauta wannan a Tarayyar Turai. Apple yana cewa tsaron masu amfani da sirrinsu yake karewa. Tsaro abu ne na gaske, amma a kwamfutocin Mac na wannan kamfani mutane sun daɗe suna sa burauzar da suka ga dama da injinta, ba a kuma ce duniya ta tashi ba.

Maganin da hukumomi suka fi komawa gare shi shi ne allon zaɓi, wato wayar ta nuna wa mai ita jerin burauzoji ko injunan bincike ta ce ya ɗauki ɗaya. Tarihin wannan magani ya nuna cewa yadda aka tsara shi da kuma wanda ke sa ido a kai su ne komai. Microsoft ya fara nuna irin wannan allo a kwamfutocin Turai a 2010, daga baya ya ɓace daga wani sabuntawa na Windows 7 har tsawon watanni 14, mutane kusan miliyan 15 ba su gan shi ba, aka ci kamfanin tarar yuro miliyan 561 a 2013. Da Google ya fito da nasa allon a wayoyin Android na Turai a 2020, sai ya mayar da guraben gwanjo, abokan gogayyarsa su biya shi kafin sunansu ya fito. Ƙananan injuna irin su DuckDuckGo da Ecosia suka yi ta ƙorafi har aka soke biyan a 2021, kuma har yau kason Google a wayoyin Turai yana sama da kashi 90. A Rasha kuwa, inda kamfanin Yandex ya kai ƙara a 2015 aka cimma sulhu a 2017, allon ya yi tasiri a fili, domin akwai injin gida da mutane suka riga suka sani kuma ya iya harshensu. Darasin shi ne allon zaɓi yana aiki idan an kawo shi tun akwai abokin gogayya mai rai, amma in an jira shekara goma sha biyar har sunan kamfani ɗaya ya zama shi ne sunan bincike a bakin mutane, to yatsa zai je kan sunan da ya sani. Duk da haka ba aikin banza ba ne. Bayan dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Maris na 2024, ta tilasta wa Apple nuna allon burauzoji a iPhone, kamfanoni irin su Brave da Opera da Vivaldi sun ba da rahoton ƙaruwar masu sauke manhajojinsu. Wannan doka ta fi cin tara amfani ta fuska ɗaya: tana shimfiɗa ƙa'ida tun kafin ɓarna, maimakon shari'ar da za ta ɗauki shekaru ana ɗaukaka ƙara yayin da kasuwa ke ƙara kullewa.

A Amurka hukuncin gyara da Mehta ya yanke a watan Satumba na 2025 ya tsaya a tsakiya. Bai tilasta wa Google sayar da Chrome ba kamar yadda gwamnati ta nema. Ya hana shi ƙulla yarjejeniyar da za ta ce shi kaɗai, ya umarce shi ya ba abokan gogayya wasu bayanan bincike, amma ya bar shi ya ci gaba da biyan kuɗi don matsayin asali. Dalilinsa shi ne hana biyan zai cutar da waɗanda suka dogara da kuɗin, kuma misali mafi bayyana shi ne Mozilla mai burauzar Firefox, wanda sama da kashi 80 cikin 100 na kuɗin shigarsa daga Google yake fitowa. Wannan damuwa gaskiya ce, amma a ganina ita kanta alama ce ta zurfin cutar: an kai matsayin da abokin gogayyar Chrome ba zai rayu ba sai da kuɗin mai Chrome. Kuma muddin gurbin na sayarwa ne, wanda ya fi samun kuɗi daga kowane bincike shi ne zai fi kowa tayi, wannan kuwa Google ne. Wani babban jami'in Apple, Eddy Cue, ya shaida wa kotu cewa babu farashin da Microsoft zai bayar da zai sa su koma Bing. Cire kalmar keɓewa daga takardar yarjejeniya ba zai sauya wannan lissafi ba. Abin da zai sauya shi shi ne a raba kuɗin da matsayin: a tambayi mai waya, a tambaye shi a fili ba tare da an karkata jerin ba, a ba shi wuri guda a saiti inda zai sauya duk lokacin da ya so, a kuma bar shi ya goge manhajar da ba ya buƙata.

Wannan batu ya shafi masu waya a Nijeriya da Nijar kai tsaye, domin mafi yawan wayoyin da ke hannunmu Android ne, kuma kaso mai yawa na kamfanin Transsion na ƙasar Sin ne, mai Tecno da Infinix da Itel. Waɗannan wayoyi kan zo da manhajojin Google da kuma wasu masu alaƙa da Transsion ɗin. Manhajar waƙoƙi ta Boomplay a cikin wayar Tecno ta fara fitowa a 2015, kuma Transsion yana cikin waɗanda suka zuba jari a manhajar biyan kuɗi ta PalmPay lokacin da ta fara aiki a 2019. Ba laifi ba ne kamfani ya sa kayansa a wayar da ya ƙera, amma matashin da ya gina manhajar biyan kuɗi ko ta sauraron karatu a Kano ko Kaduna yana fara tsere ne a bayan wanda aka riga aka dasa a aljihun mutane. A wurinmu ma ƙarfin abin da aka tarar ya fi na Turai, saboda data tana da tsada, ma'ajiyar ƙananan wayoyi tana cika da wuri da manhajojin da ba sa goguwa, kuma mutane da yawa mai shago ne ke saita musu waya a kasuwa, don haka ko da allon zaɓi ya fito shi ne zai taɓa. Hukumar kare gasa da haƙƙin masu saye ta Nijeriya, FCCPC, ta nuna tana iya tunkarar manyan kamfanoni lokacin da ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a watan Yuli na 2024. Tana da hurumin tambayar irin yarjejeniyoyin da ke bayan manhajojin da wayoyi ke shigowa da su, da kuma dalilin da ya sa zaɓin da aka ba mai waya a Faransa ko Indiya ba a ba mai waya a Sakkwato ba.

Gaggawar yin haka ta ƙaru saboda ana sake raba guraben yanzu. Mataimakan ƙirƙirarriyar basira, irin su Gemini na Google da ChatGPT na OpenAI, sun fara karɓar aikin da injin bincike ke yi, kuma cinikin matsayin asali ya riga ya koma kansu. A zaman kotu na 2025 an bayyana cewa Google yana biyan Samsung don ya sa Gemini a wayoyinsa, Apple kuma ya haɗa ChatGPT da Siri, mataimakin da ke cikin iPhone, tun ƙarshen 2024. Injin bincike yana jero maka shafuka ka zaɓa, shi kuwa mataimakin amsa ɗaya yake ba ka, kuma ana shirya shi ya riƙa karanta saƙonni, ya yi sayayya, ya kira mota a madadin mai waya. A wannan kasuwa har yanzu akwai masu gogayya da dama da ke da ƙarfi, mutane kuma ba su gama sabawa da suna ɗaya ba, wato yanayin da allon zaɓi ya yi aiki a Rasha ke nan. Shari'ar Google ta ɗauki kusan shekara biyar daga shigar da ƙara zuwa hukuncin gyara, ga kuma ɗaukaka ƙara a gaba, don haka hukumar da ta ce sai ta ga ɓarna a kasuwar mataimakan kafin ta sa ƙa'ida za ta iso bayan an gama rabon.